Motar Malama a Kan Dakata

Tun ranar Asabar da Abdulfattah ya kawo wa mahaifiyarsa mota daga Minna, Munzali bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Motar 'yar Kwatano ce, ruwan toka, aka ajiye ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Malama Saliha, shugabar makarantar firamaren unguwar. Abdulfattah ya kwana ɗaya ya koma bakin aikinsa, ya bar uwarsa da mota da makulli, babu mai tuƙawa.

A unguwar ana kiran Munzali Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane kuma suka karɓa hannu biyu don ya fi daɗin tsokana. Gyaran injin markaɗe yake yi, idan mai injin ya yi rashin sa'a. Ya taɓa tuƙa wata a-kori-kura mai ɗauko masara daga Kakangi har kaka biyu, kafin ya kwantar da ita a rafi, ita da buhu ashirin. Har gobe cewa yake gadar ce ta matsa.

Matarsa Huraira ce ta je ta durƙusa gaban Malama ta roƙar masa aikin direba. Malama Saliha ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Ranar Litinin zan kai Gwaggo asibitin ido a Kaduna. In ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, aikin nasa ne."

Gwaggo Maiturare, yayar mahaifin Malama, ciwon yana ya rufe mata ido biyu, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Wata biyar aka yi ana jiran ranar da likita ya rubuta. Motocin Kaduna kuwa ƙarfe tara suke tashi daga tashar Birnin Gwari, a jere gaba ɗaya, don ba mai hankalin da zai shiga wannan dajin shi kaɗai. Wanda ya makara sai gobe, goben kuma ba ita aka rubuta wa Gwaggo ba.

Ƙarfe bakwai saura na safiyar Litinin Munzali ya iso cikin babbar rigar aro da baƙin tabarau, ko rana ba ta gama fitowa ba. Ya tarar Gwaggo ta riga shi. Tun bayan sallar asuba ta sa aka shigar da ita kujerar baya, da carbinta da kwanon furarta, ta ce ba za a tafi a bar ta ba.

Malama ta miƙa masa makulli. "Zan je makaranta in danƙa wa mataimakina makullan ofis. Ka sa kaya a baya, ka tayar da ita ta yi ɗumi. Takwas da rabi mu kama hanyar tasha."

"Malama, ki je hankalinki kwance. Irin waɗannan ƙananan motocin da ido rufe nake tuƙa su."

"Ka buɗe shi dai," in ji Malama, ta wuce.

Tana shan kwana 'yan kallo suka matso. Auta mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya tsallako da mutum huɗu masu kofi a hannu. Laraba mai ƙosai ta juyo da kujerarta yadda za ta riƙa suya tana gani. Munzali ya shiga ya zauna, ya gyara madubi ya duba fuskarsa, ya murɗa makulli rabi, fitilu suka kama jajaye da koraye. Sai ya kai ƙafar hagu yana laluben kuloci. Ya lalubi nan, ya lalubi can. Ya sunkuya ya leƙa.

"Injiniya, me ya faɗi?" in ji Auta.

"Ba abin da ya faɗi. Ƙirga su nake."

"Nawa ne?"

"Biyu. Na zamani haka suke. An haɗe kuloci da birki wuri ɗaya, ba ka ga faɗinsa ba? Ka taka da hagu kuloci ne, ka taka da dama birki ne."

Masu shayi suka gyaɗa kai. Auta ya zuro kansa ta taga ya nuna sandar giya. "To waɗannan baƙaƙen fa? Ni na saba ganin ɗaya, biyu, uku."

Nan Munzali ya cire tabarau. Tambayar da yake jira ke nan tun ranar Asabar, don kwana biyu ya yi yana leƙen baƙaƙen ta gilashi yana warware su shi kaɗai. P, R, N, D, sai 2, sai L.

"Ku matso ku ƙaru, kyauta ne. Masu ƙera motar nan sun san Arewa za a kawo ta, shi ya sa suka sauƙaƙa. Wannan na sama, Fi ke nan. Fita. In ka sa nan, mota ta fita. Na biyu Ruga, wannan sai in an yi gamo a daji, Allah ya kiyaye."

"Amin," in ji kowa, da gaske.

"Na uku Nisa, na doguwar tafiya, sai mun wuce gari zan sa shi. Wannan kuma Dakata. Nan ake ajiye mota, nan ake tayar da ita."

"Na ƙarshen fa?"

"Lallaɓa. Na hanyar Randagi ne."

Laraba ta kwashe ƙosai daga mai ta ce, "To ni dai na ga yaron da ya kawo ta a na saman ya bar ta."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan! Yaran yanzu! Ya bar mota kwana biyu a kan Fita, a ƙofar gida, yara na wasa. Da wani ne ba ni ba ya zo ya murɗa makulli haka, da yanzu tana cikin zauren Malama."

Ya taka faffaɗan abin da ƙafar hagu, ya ja sandar ƙasa, ƙarat, ƙarat, ƙarat, har ta zauna a kan D. Ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bayan layi za su ji, ya murɗa makulli.

Shiru.

Ya sake murɗawa. Fitilu na nan a kunne suna kallonsa, amma inji ko tari bai yi ba.

"Kai, wannan mota akwai ladabi," in ji Auta. "Ko ƙara ba ta yi. Ta tashi ne?"

"Mun kama hanya?" in ji Gwaggo daga baya.

"Saura kaɗan, Gwaggo. Batir ne. Na san za a yi haka, batirin Kwatano sanyin teku ke kashe shi."

Auta ya miƙa hannu ya danna tsakiyar sitiyari. Ham ɗin ya yi wata irin kururuwa da ta kori kajin unguwar, ta sa Gwaggo ta yi salati ta rungume kwanon fura.

"Mataccen batirin nan yana da murya," in ji Laraba.

"Ke Laraba, ki tsaya a ƙosanki. Wutar ham daban, wutar inji daban."

Ya fito ya daɗe yana neman inda ake buɗe bonet, ya buɗe but sau biyu da murfin tankin mai sau ɗaya kafin ya dace. Ya samo dutse ya ƙwanƙwasa kan batir. Ya sa aka kawo ruwan zafi daga tukunyar Auta ya zuba a kai. Ya koma ya murɗa. Shiru. Ya sa sandar a kan Ruga ya murɗa, ko tsoro zai sa ta tashi. Shiru. Ya mayar Dakata.

"Ka gwada Fita mana," in ji ɗaya daga masu shayi.

"In gwada Fita? Da tsohuwa a ciki? Kai ne za ka tare ta in ta zabura?"

"To Nisa fa?"

"Malam, in na tayar da motar nan a kan Nisa, sai dai a nemo mu a Buruku."

"Bakwai da rabi ta wuce," in ji Laraba, tana duba wayarta.

Gumi ya fara tsattsafo wa Munzali a ƙarƙashin hula. Sai ya tuna maganin da bai taɓa ba shi kunya ba. Tun da aka fara kawo mota ƙasar nan, duk wadda ta ƙi tashi tura ta ake yi. A-kori-kurarsa kaka biyu ta yi ba ta san wani abu makulli ba, majiya ƙarfi huɗu ne makullinta.

"A tura!" ya ce. "Auta, tara min mutane."

Aka ce Gwaggo ta fito a rage nauyi. Ta ce ita ta riga ta yi addu'ar tafiya, ba ta sauka sai Kaduna. Munzali ya rufe bonet, ya sauke birkin hannu, ya ja sandar zuwa 2.

"Lamba biyu ko a ina lamba biyu ce. Ku tura da zuciya ɗaya. In na ce hop, kar ku saki."

Mutum bakwai suka dafa bayan mota, har da wani mai tallan rake da wucewa kawai ya zo yi. Suka tura. Mota ta gangara, ta fara gudu, ƙafafu na ta dukan ƙasa, Auta na ba da baiti. Munzali ya ji gudun ya kai yadda yake so. Abin da ya saura a taka kuloci a saki. Ya ɗaga ƙafar hagu ya sauke ta da dukan ƙarfinsa a kan faffaɗan abin nan.

Motar ta tsaya cak, mutum bakwai kuwa ba wanda ya gaya musu. Auta ya sumbaci but da bakinsa. Mai rake ya hau bayan Auta, sauran suka hau bayan mai rake. A ciki, furar Gwaggo ta tashi daga baya ta sauka a ƙeyar Munzali.

"Wane ɗan banza ne ya shiga gabanmu?" in ji Gwaggo.

"Akuya ce, Gwaggo."

Auta ya zagayo yana riƙe da leɓe. "Injiniya, da hagu ka taka ko da dama?"

"Da hagu."

"To ita motar ba a gaya mata bambancin ba."

"Ku ne ba ku iya turi ba. Turin otomatik ba irin na gwangwanayen da kuka saba ba ne. A hankali ake farawa, a ƙare da ƙarfi. A koma!"

Aka koma. Aka tura ta sama har bakin masallaci, aka juyo da ita da ƙyar, sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi, aka turo ta ƙasa. Sau huɗu. A na uku mai rake ya ɗauki rakensa ya tafi ba sallama. A na huɗu mutum uku suka rage, su ma jingina kawai suke yi. Motar ta tsaya ɗan gaba da kaskon Laraba, hancinta na kallon gangaren da ya miƙe zuwa tasha.

Gwaggo ta ce, "Yau hanyar Kaduna ta yi kyau. Sai dai yawan tsayawa. Mun wuce Udawa?"



Munzali ya mayar da sandar kan D don motar ta huta, ya fito yana goge fura daga wuyansa. Auta ya zauna a bakin kwalbati yana haki.

"Injiniya, tsakani da Allah, giyar nan da kake ta magana, wadda ake sawa ce ko wadda ake sha?"

"Auta, ka kiyaye ni. Ina da alwala."

"Takwas da minti goma," in ji Laraba. "Ni kam zan kira Ishaya."

Ishaya ƙanin mijinta ne, mai gyaran wayarin mota, rumfarsa na bakin tasha. Duk garin ba sunan da Munzali ya ƙi jini kamar wannan, tun ranar da Ishaya ya gyara cikin minti biyar wani janareta da shi ya yi mako uku yana kwancewa.

"Kar ki kira shi! Me ya sani? Yaron da a gabana ya koyi riƙe filaya!"

Laraba ta riga ta danna, ta kuma buɗe murya yadda kowa zai ji. Ta yi masa bayani a gurguje, rabi da Hausa rabi da Gbagyi.

"Fitilu suna kamawa?" in ji muryar Ishaya.

"Suna kamawa. Ham ma kamar zai tsaga kunne."

"In an murɗa, kik mai tayar da inji yana ƙara? Ko ɗan ƙyat?"

"Ko ƙyat."

"To ba batir ba ne. Ku daina tura ta, otomatik ba ta tashi da turi ko za ku kai ta Funtuwa. Akwai wani ɗan makunni a jikin giyabos, shi ne ke hana wuta zuwa wurin kik, in dai sandar giya ba ta kan..."

Layin ya yanke. Sabis ɗin garin ya yi abin da ya saba. Laraba ta ɗaga wayar sama, ta hau kan benci, ta juya gabas ta juya yamma, ba ko sanda ɗaya.

Munzali kuwa fuskarsa ta washe. "Kun ji ko? Me na ce muku tun ɗazu?"

"Batir ka ce."

"Na ce wuta ba ta zuwa! Ga shi yaron ya maimaita. Wani munafukin makunni ne ya tsaya a hanya ya hana ta wucewa. To ni ba na roƙon makunni. In mai gadi ya hana ka ƙofa, sai ka zagaya ta baya."

"Ka bari ya ƙarasa maganar mana," in ji Laraba. "Ya ce in dai sandar ba ta kan wani abu."

"Ba ta kan Dakata. Ga ta kuwa a kai. Ƙarshen maganar ke nan, na hutar da shi."

Ya zaro doguwar sukundireba daga aljihun babbar riga. Wannan dabarar ya san ta tun zamanin a-kori-kura: ka bar makulli a kunne, ka haɗa ƙarafa biyu na jikin kik da bakin sukundireba, wuta ta tsallake kowa da komai ta tafi kai tsaye. Ya murɗa makulli rabi, ya rufe ƙofa, ya buɗe bonet ya tokare shi, ya tsaya ta gefe ya kwanta a kan fenda.

"Ko a sa dutse a taya?" in ji Laraba.

"Mota tana kan Dakata ki ce a sa dutse? Ke in an ce ki dakata sai an ɗaure ki?"

Ya zura hannu can ƙasa. Tartsatsi ya tashi, fat! Ya yi tsalle baya yana yarfe yatsu.

"Ta cije ka?" in ji Auta.

"Gaisawa muka yi."

Ya sake zurawa, ya cije leɓe, ya danna. Kik ya yi gurnani, inji ya yi tari sau biyu, ya kama. Ƙara mai daɗi, lafiyayya, ta cika layin. Munzali ya ɗago kai ya buɗe baki zai yi jawabin da ya tanada.

Sai fendar ta zame daga ƙarƙashin cikinsa.

Madubin gefe ya zo ya same shi a kwankwaso ya juya shi kamar mazari. Tayar baya ta bi ta kan takalminsa, Allah ya sa yatsun sun riga sun gudu. Ya zauna daɓas cikin kwata. Da ya ɗago, sai ga motar Malama Saliha tana tafiya abinta, a natse, bonet a buɗe, kujerar direba ba kowa, ƙeyar Gwaggo Maiturare na leƙowa ta gilashin baya.

"Dakata!" Munzali ya ƙwala ihu. "Dakata! Ke, dakata!"

"Ai a kai take!" in ji Auta.

Suka bi ta. Waɗanda suka yi awa guda suna tura ta ba su da sauran ƙafar kamo ta. Damina ta haƙa wa layin kwari biyu daidai faɗin taya, motar ta sa ƙafafunta ciki ta miƙe kamar jirgin ƙasa, gangare kuma na ƙara mata ƙwazo. Ta bi ta kan masarar da wani ya shanya. Ta ɗauke igiyar shanya da zannuwa biyu ta yafa a bonet. Munzali na biye, takalmi ɗaya, babbar riga na zubar da ruwan kwata, sukundireba a hannu. Mata suka fito ƙofar gida. Wani tsoho a kan keke ya yi sallama ga direba, da bai ga kowa ba ya faɗa cikin shinge.

Daidai kwanar makaranta sai ga Malama Saliha tana dawowa, jaka a kafaɗa. Ta matsa gefe ta ba motar hanya, kamar yadda mai hankali ke yi. Sai da ta zo wucewa ta gane lambar, ta gane zanen da ke kujerar baya. Ta bi motarta da kallo, sannan ta juyo ta dubi direbanta yana tafe a ƙasa.

"Malama, barka da dawowa!" in ji Munzali bai tsaya ba. "Gwaji nake!"

A tasha motoci sun riga sun jeru, direbobi na ɗaure kaya, fasinjoji na sayen ruwa. Wani kamasho ya hango abu na gangarowa baki buɗe, yafe da zane, ba mutum a gaba, bayansa kuma jama'a a guje da ihu. A garin da mutane suka koyi gudu kafin tambaya, ba a jira bayani ba. Masu lemo suka bar lemo, wani direba ya shige ƙarƙashin motarsa. Ita kuwa motar ta tsallaka titi ba ta dubi kowa ba, ta nufi tulin yashin da aka sauke don ginin katangar tasha, ta cusa hancinta ciki, ta tsaya tana nishi tana ƙoƙarin ci gaba.

Ishaya na fitowa ke nan daga rumfarsa da jakar kayan aiki, zai tafi inda Laraba ta kira shi, sai ga aikin ya zo da ƙafarsa. Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya taka birki, ya tura sandar sama, ya kashe.

Kafin Munzali ya iso, tasha ta dawo ta kewaye motar. Malama ta iso bayansa, ba ta yi gudu ba, amma ba wanda ya taɓa ganin ta yi sauri irin wannan. Ta buɗe ƙofar baya ta taɓa Gwaggo, kai, kafaɗa, gwiwa. Sannan ta miƙe.

"Ishaya, me ya lalace a motar?"

"Ba abin da ya lalace, Malama. Wa ya sa ta a D ya ce zai tayar?"

"A Dakata take," in ji Munzali yana haki. "Inda ya kamata."

"A me?"

Auta ne ya karɓa, da kumburarren leɓensa. Ya tsaya tsakiyar direbobin tasha ya karanto karatun safe bai rage komai ba: Fita, Ruga, Nisa, Dakata, Lallaɓa. Yana kai wa Ruga wani direba ya riƙe ciki. Yana kai wa Lallaɓa na ƙarƙashin mota ma ana jin dariyarsa daga can.

Ishaya bai yi dariya ba, abin da ya fi yi wa Munzali ciwo ke nan. Ya ce, "Malama, duba nan. D ɗin nan ita ce ta tafiya gaba. R baya. P ita ce ta ajiyewa, tana kulle mota. N kuma furi, inji daban taya daban. Ita otomatik ba ta da kulocin da mutum zai taka ya raba inji da taya. In ta tashi a D, tafiya za ta yi nan take, ko da mutum a ciki ko babu. Shi ya sa aka sa ɗan makunni a jikin giyabos, yana bin sandar nan duk inda ta je. Wutar da ke fitowa daga makulli zuwa kik sai ta bi ta cikinsa. In sanda na P ko N, ya haɗa waya, wuta ta wuce. In tana wani wuri, ya raba. Aikinsa ke nan."

Ya murɗa a P, mota ta tashi tun kafin ya saki makulli. Ya kashe, ya sa N, ta tashi. Ya kashe, ya sa D, ya murɗa. Shiru. Ya sa R. Shiru.

"Kun gani? Lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci in ya tsufa sai an ɗan girgiza sandar kafin ya haɗa, wannan ko haka bai kai ba. Tun safe yake hana motar nan tashi a kan tafiya, har aka samu wanda ya tsallake shi."

"Wato duk unguwarmu," in ji Malama a hankali, "abu ɗaya ne ya yi aikinsa yau."

"Malama, a yi adalci," in ji Munzali. "An ce in tayar da mota, na tayar. An ce takwas da rabi a kama hanyar tasha. Ƙarfe nawa yanzu? Ina motar take? Ga ta a tasha. Ga Gwaggo a tasha. Ko kwarzane babu."

"Bonet ya lanƙwashe," in ji Ishaya.

"Ban da bonet."

Kamasho ya fara buga gefen motar gaba yana kiran a shiga, tara saura minti bakwai. Direbobi suka taru suka janyo motar daga yashi, Ishaya ya danna bonet da gwiwa har ya kama, aka cire zannuwan mutane. Malama ta tambaye shi ko zai iya rufe rumfa kwana biyu. Ya ce bari ya wanke hannu.

Munzali ya ga aikin na tafiya kamar yadda motar ta tafi. Ya zagaya ta tagar baya ya durƙusa, don ya san Malama ba ta tsallake maganar Gwaggo.

"Gwaggo, ki sa baki. Ke kika ji tuƙin da jikinki."

"Na ji kuwa," in ji Gwaggo. "Saliha, wa ya tuƙo ni yanzun nan? Ba na farkon ba, mai tsaye-tsaye da zubar da fura. Na ƙarshen."

"Ni ne, Gwaggo!" in ji Munzali. "Duka ni ne!"

"Ƙarya kake. Wanda ya tuƙo ni bai ce uffan ba tun daga gida har nan. Bai yi gardama da kowa ba, bai taka birkin hauka ba, ya zo ya tsaya a hankali kamar a kan katifa. Yaro mai natsuwa. Saliha, shi za ki ba aikin."

Malama ta gyara mayafinta.

"Gwaggo, ba kowa a gaban motar."

Gwaggo ta ja carbi ɗaya, biyu, uku. Ta juyo da fararen idanunta wajen da muryar Munzali take.

"To, ba-kowan nan ya fi ka iyawa," ta ce. "Matsa min daga taga, warin kwata kake."